Anti, na zazzage musu cikina ina zaton asibiti ne

Wannan sakon ya shigo min ne daga wata kanwarmu da ke zaune a Greensboro, jihar North Carolina ta Amurka. Ta ce kar a sa sunanta, na kuma rage tsawonsa.

"Salam Anti. Dan Allah ki taimaka min da shawara, kwana hudu kenan bana barci. Yarona watansa 8, aiki aka min aka ciro shi, sai gashi na yi kwanika. Ina shan kwayar tazarar haihuwa ne ba da sanin maigida ba, kuma duk da haka cikin ya shiga. Kunya ta hana ni komawa asibitin da na haihu dan sun ja min kunne sosai. Sai na duba Google na ga wani waje da ke gwajin ciki da sikanin kyauta, na je. Suka bani fom mai shafi hudu na cika, wata mata ta zaunar dani a daki mai kujerun kushin tana ta lallashina, ni kuwa ina kuka na fada mata komai, maganar kwayar, rigimar da muke da maigida, har da cewa zuciyata ta taba raya min in zubar. Ta ce duk sirri ne. Bayan sati daya sai suka kira lambar maigida da na sa a fom din, suka bar sako suna tambayar ya mai ciki take, shi kuma bai ma san da cikin ba. Na ce masa masu raba kayan jarirai ne suka yi kuskure. Yanzu kullum tes suke turo min, jiya kuma na ji wata makwabciyarmu tana zuwa can koyon rainon jariri. Anti ba doka ta hana asibiti fitar da sirrin mutum ba? Zan iya kai su kara? Ya zanyi su goge abin da na fada?"

Wa alaikis salam kanwata. Sannu, Allah ya baki lafiya ya raba lafiya. Ki sha ruwa ki zauna, dan amsar da zan baki ba mai dadi bace daga farko, amma akwai abin yi.

Wajen da kika je din nan, daga yadda kika kwatanta shi, ba asibiti bane irin wanda kike nufi. Cibiyoyi ne da kungiyoyin da ke yaki da zubar da ciki suke budewa, yawancinsu na coci ne ko masu alaka da coci, sun haura 2,500 a fadin Amurka, kuma da yawansu suna karkashin manyan uwayen kungiya irin su Heartbeat International da Care Net da NIFLA. Aikinsu na asali shine su shawo kan mace ta bar cikinta, gwajin kyauta da sikanin da pampas din duk hanyar jawo ta ce ta shigo. Ni shekaruna da yawa ina aikin tafinta a asibitocin kasar nan, kuma wlh ba ke kadai bace, na sha ganin matan mu da suka shiga irin wajen nan suka fito suna cewa "ai na fara awo", alhali ba awo suka fara ba. Gini mai tsafta, mata sanye da kayan nas, teburin karbar baki, fom a jikin allon rubutu, wa zai ce ba asibiti bane.

Sai maganar doka. Dokar da kike nufi sunanta HIPAA, tun 1996 aka yi ta zamanin Bill Clinton, kuma mutane da yawa har 'yan kasar suna zaton duk wanda ya taba maganar lafiyarka to ta hau kansa. Ba haka take ba. Ta hau kan kamfanonin inshorar lafiya, da asibitoci da likitocin da ke tura lissafin kudin magani zuwa inshora ta kwamfuta, da masu yi musu aiki. Ma'ana igiyar da ta daure asibiti da dokar ita ce harkar kudin inshora. Su kuma wadannan cibiyoyin kyauta suke yi, basa cajin inshora, dan haka yawancinsu igiyar bata kama su ba. Kinga abin haushin, kyautar da ta ja ki ita ce ta fitar dasu daga karkashin dokar. Wasunsu har manna takarda suke a bango ko a shafinsu suna ambaton HIPAA, suna cewa suna bin ta, to bin ta dan ganin dama daban, a ce in ka saba za a ci tararka daban. Na farkon alkawari ne kawai, ranar da suka ga dama su sauya.

Kuma ba zato nake ba. A 2024 an bankado wani bidiyon horar da ma'aikata na Heartbeat International da aka bari a intanet, a cikinsa ana ganin sunayen mata 13 da suka je wata cibiya a jihar Louisiana tare da bayanan cikinsu. Wata kungiya mai sa ido, Campaign for Accountability, ta kai korafi ofishin da ke kula da HIPAA a ma'aikatar lafiya ta tarayya, amsar da aka bayar ita ce basu da hurumi, cibiyar bata cikin wadanda dokar ta shafa. Da asibitin gaske ne ya yi wannan da an bude bincike. Ita wannan kungiyar dai a shekarar ta rubuta wa antoni janar na jihohi 5 tana cewa a binciki cibiyoyin da ke nuna wa mata kamar HIPAA na kare su. Hukumar tarayya mai kare masu sayayya ma hannunta gajere ne a kan kungiyoyin da ba na neman riba ba. Jihar Washington ta yi tata dokar a 2023 wadda ta toshe wannan ramin, har mutum yana da ikon ya ce a goge bayanan lafiyarsa ko da wajen ba asibiti bane, Nevada ma ta yi makamanciyarta, amma ke ba can kike ba. Kalifoniya kuwa ta taba tilasta wa irin wadannan cibiyoyin su manna sanarwa cewa basu da lasisin asibiti, suka je har kotun koli a 2018 suka yi nasara, aka ce an taba musu 'yancin fadin albarkacin baki. To kinji yadda abin yake, kusan babu mai leka littafinsu.

Abu daya kuma da nake so ki sani, fom din nan da kika cika ba lallai a takarda ya tsaya ba. Da yawansu suna shigar da komai cikin manhajar kwamfuta, ita Heartbeat ma tana da tata da ake kira Next Level da take baiwa cibiyoyinta. Dan haka ko an yaga takarda a gabanki ba shikenan ba.

To zaki iya kai su kara? Da HIPAA dai a'a. Kai ko asibitin gaske ne, dokar bata baiwa mutum damar ya shigar da kara da kansa da sunanta ba, korafi ake kaiwa ofishin gwamnati cikin kwana 180 su su bincika. Kofar da ta rage miki biyu ce. Ta farko, in sun rubuta a fom ko a shafinsu cewa bayananki sirri ne ko kuma HIPAA na kare su sannan suka kira mijinki, wannan maganar yaudarar mai neman hidima ce, kuma ofishin antoni janar na jiharku yana da sashen karbar irin wannan korafin, kyauta ne, ta intanet ma ana cikawa. Ta biyu, in wadda ta miki sikanin nas ce mai lasisi, to ita a karan kanta amanar majinyaci tana wuyanta ko ina take aiki, kuma hukumar nas-nas ta jiha tana sauraron korafi a kanta. Amma matar da ta zaunar dake kan kushin, sau da yawa 'yar sa kai ce daga coci, babu lasisin da za a kwace mata. Kuma in fada miki gaskiya, lambar maigida ke kika rubuta da hannunki, ina kyautata zaton a kasan fom din akwai 'yan kananan rubutu da kika sa hannu a kai cewa kin yarda su tuntube ki da wanda kika ambata. Shi yasa bana so ki dora ranki kan kara. Ki je Legal Aid of North Carolina in kina so lauya ya duba miki takardun ba tare da kin biya ba, amma aikin gaggawa ba a kotu yake ba.

Na gaggawan shine ki toshe famfon, yau din nan in da hali. Kafin komai ki dauki hoton shafinsu na intanet wajen da suka yi maganar sirri, ki dauki hoton duk tes din da suka turo da kwanan wata, ki rubuta ranar da suka kira maigida da karfe nawa, dan shafin intanet ana sauya shi cikin dare daya. Ki ajiye su a imel din da ke kadai kika san kalmar sirrinsa, ba a cikin hotunan wayar da yaro ke wasa da ita baban yaro na dauka ba. Sai ki rubuta musu, rubutu nace ba waya ba, dan maganar waya iska ce kuma in kika kira zasu hada ki da wannan mai taushin muryar ta sake sa ki kuka. Gajeren sako ya isa, ki ce kin janye duk izinin da kika bayar na a tuntube ki ko a tuntubi wani a kanki, a cire lambar mijinki, kar a kira kar a turo tes kar a aiko wasika gida, a baki kwafin duk abin da kika cika da wanda kika sa wa hannu, a fada miki su waye suka ga fayil dinki da ko an tura shi wani waje, sannan a goge shi a tabbatar miki a rubuce. Ki basu kwana 14. Ki rubuta wa shugabar cibiyar kai tsaye, ki ambata cewa an kira mijinki ba da yardarki ba kuma in ya sake faruwa zaki kai maganar ofishin antoni janar. Ba dole doka ta sa su goge ba, na riga na fada miki, amma wadannan wuraren da sadakar jama'a da sunan kirki suke rayuwa, jiharku ma tana basu kudi daga baitulmali, basa son takarda mai dauke da sunansu ta isa teburin gwamnati. Yawanci sukan bi. Tes din kuma ki amsa da kalmar STOP da manyan baki, sannan ki toshe lambar, bayan kin dauki hotunan fa.

Kar ki koma can da kafarki dan ki yi musu masifa. Na san jinin gida, na san yadda zuciya ke tafasa, amma zuwanki yana kara musu shafi ne a fayil, kuma a nan ne zaki iya cin karo da makwabciyar taku a bakin kofa. Ita kuwa makwabciyar, in dai ajin raino take zuwa tana tara maki ana bata pampas da kayan jarirai, to ita ma bakuwa ce kamarki, ba ta da hanyar ganin fayil. In kika ji ta fara aikin sa kai a wajen to wannan wani zance ne, ki kara a cikin wasikar cewa kar wani dan sa kai ya bude fayil dinki. Kar ki je kina bugun cikinta da tambayoyi, da bakinki zaki tona abin da bata sani ba.

Bana so kuma ki dauka cewa mutanen can duk mugaye ne. Wadda ta kira maigida watakila a ranta alheri take yi, ta ga mace tana kuka ta ce bari in bi sawu. Na san matan da suka samu gadon jariri da kujerar mota da madara a irin wuraren nan lokacin da ba su da ko sisi, kuma ban ga laifin mace ta karba ba. Matsalar ita ce wajen da babu mai tsawata masa, kirkin mutum daya ne kawai katangarki, ranar da aka samu mai sakaci ko mai ganin ta fi ki sanin abin da ya dace da aurenki shikenan. Mace in zata je karbar kaya ta je, ta bada suna da lambar da ita kadai ke dauka, tambayar addini da ta miji da ta cikin da ya wuce ta bar wajen fayau, ba wanda zai daure ta dan bata cika ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna fiye da duk wannan, wato jikinki. Kanwata aiki aka miki wata 8 da suka wuce. Likitocin mata a kasar nan suna son a samu tazara mai kyau bayan aiki, wajen wata 18, saboda dinkin mahaifa yana bukatar lokaci, in ciki ya zo da wuri hadarin dinkin ya bude yana karuwa musamman lokacin nakuda. Ba ina tsorata ki bane, mata da yawa sun yi kwanika bayan aiki sun sauka lafiya, amma da likita a kansu tun daga farko. Sikanin da aka miki a can kar ki rike shi a matsayin awo, su da kansu sukan rubuta a takarda cewa takaitacce ne. A jihar Massachusetts a 2023 wata mata ta kai irin wannan cibiya kotu saboda an ce mata cikinta lafiya alhali a wajen mahaifa yake, sai da ya fashe aka yi mata aikin gaggawa. In kika ga jini, ko ciwon mara mai tsanani ta gefe daya, ko jiri, ko ciwon kafada haka kawai, ba jiran safiya, dakin gaggawa ko ki kira 911, lambar neman agajin gaggawa.

Asibitin da kike jin kunyar komawa din nan, shi ne wanda dokar ta daure. Gudun gara kika yi kika fada gidan zago. Su ba zasu kira mijinki su fada masa kina da ciki ko kina shan kwaya ba in kin ce kar a fada, kina da ikon ki ce ta lamba kaza kadai za a neme ni, kar a aiko wasika gida, kuma dole su saurari wannan bukatar. Ki duba fom din da kika cika lokacin haihuwa, in kin sa sunan maigida a cikin wadanda aka yarda a yi wa bayani to ki ce a gyara. In shi ya bude miki manhajar asibiti a waya ko ya san kalmar sirrin ki sauya, dan sakamakon gwaji can yake fadowa. In kuma kina karkashin inshorarsa ta wajen aiki, takardar bayanin kudi tana iya zuwa da sunansa, wannan ki tambaye su tun a teburin karbar baki. In da cikakken Medicaid kika haihu, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu karamin karfi, North Carolina tun 2022 ta mayar da shi wata 12 bayan haihuwa, kenan mai yiwuwa katinki yana aiki har yanzu. Ki nemi tafinta in Turancin likita yana miki nauyi, kyauta ne, kuma mu ma amanar tana wuyanmu, in kika ga tafintan dan unguwarku ne ki ce a baki na waya. Fada kuwa ba wanda zai miki, nas din da ta ja miki kunne ta ga irinki dari, abin da zata fara tambaya shine yaushe rabonki da al'ada. Ki fada musu sunan kwayar da yadda kike sha, masu shayarwa galibi wadda ake basu tana son a sha ta a kan lokaci daya kullum, jinkirin awa 3 ma yana rage mata karfi, mai jego da bata barci kuwa mantuwa ba abin mamaki bane. HIPAA din ma ba katangar karfe bace, kotu na iya neman fayil, amma tsakaninta da babu akwai nisa.

Saura maigida. Karyar masu raba kayan jarirai ta saya miki 'yan kwanaki ne kawai, ciki ba ya boyuwa, kuma namiji in ya ji sakon nan sau daya to yana nan a ransa ko bai sake magana ba. Ni a ganina ki fada masa maganar cikin da bakinki cikin satin nan, bayan kin ga likita kin san matsayinki, ki ce kin je gwaji ne a rude, tsoro ya hana ki fada saboda aikin da aka miki. Wannan gaskiya ce ba kari. Da zarar ya ji daga gare ki, kiran da suka yi ya zama tsohon labari, rabin abin da ke hana ki barci ya tafi. Maganar kwaya da abin da zuciyarki ta raya miki a daren da kike kuka kuwa, ba yau ba, kuma ba dole a hade su da wannan ba. Mai jego da aka yanka, ga jariri a hannu ga wani a ciki ga ba uwa ba kanwa a kusa, ba abin da zuciya bata rayawa, kar ki mayar da shi laifin da zaki yi ta dukan kanki a kai. In lokacin maganar tazarar haihuwa ya zo ki tafi dashi asibiti likita ya masa bayanin dinki da bakinsa, mazanmu sukan ji ta likita fiye da ta matarsu, haka Allah ya yi su.

Amma duk wannan na fada ne bisa zaton rigimar taku ta baki ce. Kin ce "rigima" baki fayyace ba. In akwai duka, ko tsoratarwa, ko ya taba kwace miki fasfo ko waya, to ki dakata da fada masa komai, ki fara fada wa nas a asibiti lokacin da kuke ku biyu, ko ki kira 1-800-799-7233, layin taimakon matan da ake cin zarafi a gida ne, dare da rana, suna hada mutum da tafinta, sannan ki goge lambar daga jerin kiran wayarki.

Ki sake rubuto min ki fada min wace irin rigima ce, da kuma ranar da asibiti suka baki. In Turancin wasikar ne ya tsaya miki ki turo min da Hausa in juya miki, amma ki cire sunanki da na wajen kafin ki turo.